Yadda Muka Koyi Karanta Kuɗin Rumawa Cikin Kwana Huɗu

Barkanmu da sake saduwa a allon Kulob ɗin 'Yan Jarida. Darasinmu na wannan mako ya ɗan fi na kullum tsawo, don haka duk wanda ƙararrawa ta katse masa karatu, sai ya dawo lokacin tara ya ƙarasa.

Abin da ya jawo wannan darasi

Ranar Litinin ta makon jiya wani ɗan ajinmu, wanda shi ma ɗan kulob ne, ya zo da kwabbai biyu ƙunshe a hankici. Launinsu ruwan ɗorawa ne, girman kowanne kamar babban maɓallin riga. A gefe ɗaya akwai kan wani mutum da rubutu kewaye da shi, a ɗaya gefen kuma wani ne zaune ya yi tagumi.

Ya ce yayansa, wanda ke koyon ɗinki, shi ya saye su naira dubu goma a hannun wani mutum a tasha. Mutumin ya ce masa kuɗin zinariya ne na Yuliyas Kaisar na Rum, an tono su a Sahara, kuma Turawa suna sayen kowane ɗaya miliyoyin naira. Ya yi alkawarin dawowa ranar Juma'a da wasu guda goma, a ba shi naira dubu sittin. Wannan dubu sittin ɗin ita ce yayan ya daɗe yana tarawa don ya sayi keken ɗinki nasa na kansa.

Hankalin abokinmu bai kwanta ba, shi ya sa muka kai kwabban wurin Malamin Tarihi. Mun zaci zai duba ya ce na gaske ne ko jabu. Sai ya juya su a hannunsa, ya ce: "Ba ni zan gaya muku ba. Amsar tana rubuce a jikinsu. Ku zo in koya muku yadda ake karantawa."

Daga Litinin zuwa Alhamis muna zama da shi lokacin tara da bayan an tashi, yana nuna mana hotunan kuɗin Rumawa na gidajen tarihi a wayarsa. Ga abin da muka koya.

Su wane ne Rumawa?

Rum birni ne a ƙasar Italiya, kuma har yau shi ne babban birninta. Mutanensa sun kafa daula wadda a shekarar 117 miladiyya ta kama daga Ingila har Iraƙi, ta haɗa da duk gaɓar arewacin Afirka, wato Masar da Libiya da Tunisiya da Aljeriya da Maroko na yanzu. Harshensu Latin ne, kuma haruffan da muke rubuta boko da su daga wurinsu suka fito. Wannan ne ya sa ɗan aji biyu ma zai iya karanta haruffan da ke kan kuɗinsu, ko da bai san ma'anarsu ba.

Yuliyas Kaisar babban jarumin yaƙi ne da ya riƙe mulkin Rum, aka kashe shi ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A wannan shekarar ce aka fara buga fuskarsa a kan kuɗi a birnin Rum yana da rai. Magajinsa Agustus shi ne sarki na farko, ya yi mulki daga shekara ta 27 kafin miladiyya zuwa 14 miladiyya. Daga nan sarakuna suka riƙa sa fuskokinsu a kuɗi. Ɓangaren yamma na daular ya faɗi a 476, na gabas kuma ya kai har 1453.

Yadda suke ƙera kuɗi

Ba su da injin buga kuɗi, da hannu suke yi. Za a sassaƙa hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, ɗaya da hoton fuska, ɗaya da hoton baya. A kafa ɗaya a kan uwar maƙera, a ɗora ɗan faifan azurfa ko tagulla a kansa, a ɗora ɗaya hatimin a sama, sannan a doka da guduma. Sai hotunan biyu su fito lokaci ɗaya.

Ku riƙe wannan da kyau, domin zai yi mana amfani a gaba. Tun da duka ake yi da hannu, kuɗin Rumawa ba ya yin zagaye sosai kamar namu. Wani hoton ya karkace gefe, wani rubutun ya fita waje, wani bakinsa ya ɗan tsage saboda ƙarfin guduma. Ko da hatimi ɗaya aka buga kwabbai biyu, siffar bakinsu ba za ta zama ɗaya ba.

Mataki na 1: ƙarfe da girma da nauyi

Kafin a karanta komai, a fara tambaya: da wane ƙarfe aka yi shi, faɗinsa milimita nawa, nauyinsa giram nawa? A zamanin Agustus ga yadda kuɗinsu suke:

- Awuriyus: zinariya, nauyinsa kusan giram 8. Ɗaya yana daidai da dinariyus 25.
- Dinariyus: azurfa, nauyinsa kusan giram 4, faɗinsa bai kai milimita 20 ba. Ɗaya yana daidai da sestartiyus 4.
- Sestartiyus: tagulla mai ruwan ɗorawa, ƙato ne, faɗinsa ya wuce milimita 30, nauyinsa wajen giram 25.
- Dupondiyus: shi ma tagulla mai ruwan ɗorawa, rabin sestartiyus ne.
- As: jan ƙarfe. Guda 16 ke yin dinariyus ɗaya.

Dinariyus shi ne ya fi shahara. An fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin miladiyya, lokacin da Rum ke yaƙi da Hanibal na Kartaj. A zamanin Agustus albashin sojan ƙasa dinariyus 225 ne a shekara.

Amma nauyi da kyan ƙarfen ba su tsaya wuri ɗaya ba. Duk sarkin da kuɗi suka ƙare masa sai ya rage azurfar ya ƙara jan ƙarfe. Nero ya rage a shekarar 64. A 215 Karakala ya fito da sabon kuɗi wanda masana ke kira antoniniyanus. An ɗauke shi a matsayin dinariyus biyu, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne kawai. Kafin a kai shekarar 270 azurfar da ke cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, sai ɗan wankin azurfa a sama don ya yi haske.

Abin da ya biyo baya mun san irinsa: kaya suka yi tsada. A 301 Sarki Diyokiletiyan ya kafa dokar ƙayyade farashi, a ciki aka rubuta ladan ɗan ƙwadago a gona dinariyus 25 a yini. Mun yi lissafi a allo: 225 a raba da 25 ya ba da 9. Wato adadin da soja ke karɓa a shekara guda a zamanin Agustus, ɗan ƙwadago zai tara shi cikin kwana tara bayan shekara ɗari uku. Ba arziki ya yi ba, kuɗin ne suka lalace. Daga baya Sarki Kustantin ya fito da sabon kuɗin zinariya mai suna solidus, mai nauyin giram 4.5, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru bai canja ba.

Malamar Kimiyya ta buɗe mana ɗakin gwaje-gwaje muka auna namu. Faɗinsu milimita 19, nauyin kowanne giram 2.6. Zinariya ƙarfe ne mai nauyi ƙwarai, kuɗin zinariya na Yuliyas Kaisar mai wannan faɗi ya kamata ya wuce giram 7. Tun a nan jikinmu ya fara sanyi.

Mataki na 2: kan da ke fuskar kwabo

Masu sassaƙan Rumawa ba sa ɓoye kamannin sarki. Yuliyas Kaisar ramamme ne mai dogon wuya. Nero na ƙarshen mulkinsa yana da kauri a wuya da haɓa. Nerba yana da dogon hanci mai lanƙwasa. Idan ka saba ganin hotunansu za ka gane su kamar yadda kake gane fuskokin da ke kan takardun naira.

Gemu ma yana taimakawa. Sarakunan farko yawanci suna aske fuska. Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138, shi ya fara barin cikakken gemu, waɗanda suka biyo shi suka kwaikwaya, har Kustantin ya dawo da aski.

Sai abin da ke kan sarkin. Iri uku ne aka fi gani:

- Kambun ganye: alamar nasara ce, ita ce aka fi gani a dinariyus da awuriyus.
- Kambu mai tsinaye kamar hasken rana: alamar kuɗin ninki biyu ne. In tagulla ce babba, dupondiyus ne. In ƙarami ne mai kama da azurfa, antoniniyanus ne.
- Ɗaurin kai mai duwatsu ko lu'ulu'u: wannan na zamanin Kustantin ne zuwa gaba.

Akwai kuma kuɗi masu fuskar matan sarakuna. A antoniniyanus, maimakon kambu mai tsinaye, ana sa jinjirin wata a ƙarƙashin kafaɗun matar.

Mutumin da ke kan kwabbanmu ba shi da gemu, yana da kambun ganye, gashinsa an taje shi ya sauko goshi, wuyansa kuma kakkaura. Da muka jera shi da hoton Yuliyas Kaisar ba su yi kama ba ko kaɗan.

Mataki na 3: rubutun da ya kewaye kai

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi ya fi ba mu wahala. Ana fara karantawa daga ƙasa ta hagu, a bi yadda hannun agogo ke tafiya. Rumawa ba sa barin fili sosai tsakanin kalmomi, kuma suna gajarta su. Sannan harafin V a wurinsu shi ne U. Da gilashi mai ƙara girman abu muka kwafe haruffan ɗaya bayan ɗaya a littafi, muka sami wannan:

IMP TRAIANO AVG GER DAC P M TR P COS V P P

Malam ya sa muka yanka shi gunduwa-gunduwa:

- IMP: babban kwamandan sojoji.
- TRAIANO: sunan sarkin, wato Tarajan.
- AVG: Agustus, wanda ya zama laƙabin kowane sarki.
- GER: wanda ya yi nasara a kan Jamusawa.
- DAC: wanda ya yi nasara a kan mutanen Dakiya, wato yankin ƙasar Romaniya ta yanzu.
- P M: shugaban limaman addinin Rumawa.
- TR P: mai riƙe da ikon wakilin talakawa. Ana sabunta wannan iko kowace shekara, don haka in akwai lamba a bayansa, tana nuna shekarar mulki.
- COS V: ya riƙe muƙamin konsul sau biyar. Konsul babban muƙami ne na shekara guda. V ɗin nan lamba ce, irin lambobin Rumawa da muka koya a darasin lissafi.
- P P: uban ƙasa.

Ashe dai kirari ne irin na sarakuna, an gajarta shi don ya shiga ɗan ƙaramin wuri. Akwai wasu da za ku riƙa gani a wasu kuɗin: CAES yana nufin Kaisar, D N yana nufin ubangidanmu, P F yana nufin mai biyayya ga alloli mai sa'a, S C kuma yana nufin da iznin majalisar dattawa.

Rumawa ba sa rubuta shekara kamar yadda ake yi a kuɗinmu, amma muƙaman nan suna nuna ta. Tarajan ya yi mulki daga 98 zuwa 117. Ya zama konsul karo na biyar a 103, karo na shida a 112. Saboda haka duk kuɗin da aka rubuta COS V a jikinsa da sunansa, an buga shi ne tsakanin 103 da 111.

Ga ƙarya ta farko ta fito fili. Mutumin tasha ya ce kuɗin Yuliyas Kaisar ne, rubutu ya ce Tarajan. Tsakanin mutuwar Kaisar da shekarar 103 akwai shekara fiye da 140.

Mataki na 4: bayan kwabo

A wancan zamani babu rediyo babu jarida, amma kuɗi suna shiga hannun kowa, daga soja har mai sayar da burodi. Saboda haka bayan kwabo ya zama kamar allon nan namu, sarki yana sanar da abin da yake so a sani. Ga misalai da Malam ya nuna mana:

- Kada da rubutun AEGYPTO CAPTA, wato an ci Masar. An buga shi a shekara ta 28 kafin miladiyya.
- Babban filin wasan Rum mai suna Kolosiyum, a kan sestartiyus na Sarki Titus, lokacin da aka buɗe filin a shekarar 80.
- Wata mace a kishingiɗe, sanye da fatar kan giwa, riƙe da kunama, an rubuta AFRICA. Wannan na Hadiriyan ne.
- Zaki da dorina da wasu namun daji, a kuɗin Sarki Filibus Balarabe, lokacin bikin cikar birnin Rum shekara 1000 a 248.
- Sojoji biyu tsaye da tuta a tsakaninsu, an rubuta GLORIA EXERCITVS, wato ɗaukakar runduna. Na Kustantin ne da 'ya'yansa, daga shekarar 330.

A bayan namu an rubuta SPQR OPTIMO PRINCIPI, ma'ana majalisar dattawa da jama'ar Rum suna girmama mafificin shugaba. Mutumin da ya yi tagumi kuma fursunan yaƙi ne daga Dakiya, wadda Tarajan ya gama cinyewa a 106. Fuska da baya sun dace da juna, wato wanda ya yi kwabban ya kwafo su ne daga wani kuɗi da aka sani.

Mataki na 5: alamar maƙera

Kuɗin zamanin Tarajan yawanci a birnin Rum ake buga su, ba a sa musu alamar gari. Amma daga gyaran kuɗin da Diyokiletiyan ya yi a 294, an riƙa rubuta sunan garin a gajarce, a ƙasan bayan kwabo, ƙarƙashin wani ɗan layi. ALE Iskandariyya ce ta Masar. ANT Antakiya ce. CONS Kustantiniyya ce, wato Istanbul ta yanzu. SIS wani gari ne mai suna Siskiya a ƙasar Kuroshiya ta yanzu. TR garin Tiriya ne a Jamus. PLN kuma Landan ce. Wani lokaci ana fara wa da SM, ma'ana kuɗi mai alfarma, a ƙare da harafi ɗaya da ke nuna ɗakin maƙerar da ya buga shi. Misali SMALA: kuɗi mai alfarma, Iskandariyya, ɗaki na farko.

Yadda ake gane jabu

Tun zamanin Rumawa akwai masu yin jabu, suna lulluɓe jan ƙarfe da azurfa. Na yanzu kuma iri biyu ne. Akwai kwafi da ake sayar wa masu yawon buɗe ido a matsayin tsaraba, wasu ma an buga musu kalmar COPY. Akwai kuma wanda aka yi don a cuci mutane. Yawanci ba dukansu ake yi da guduma ba, narka ƙarfe ake yi a zuba a mazubi. Ga abin da za a duba:

1. Bakin kwabon. In akwai siririn layi da ya kewaye shi, wurin da rabi biyu na mazubi suka haɗu ne. In an goge layin, za a ga sawun zarto.
2. Ƙananan ramuka ko ƙuraje a jikinsa, waɗanda kumfar narkakken ƙarfe ke bari.
3. Haruffa masu laushi kamar sabulun da ya jiƙe, alhali sauran jikin bai nuna ya sha hannu ba.
4. Nauyin da bai dace da irin kuɗin ba.
5. Maganaɗisu. Zinariya da azurfa da tagulla ba sa kama shi, don haka in ya kama, jabu ne. Amma rashin kamawa ba ya nuna na gaske ne, domin dalma da kuza ma ba sa kamawa.
6. Tagwaye. In biyu suka zama iri ɗaya sak har siffar baki, daga mazubi ɗaya suka fito.

Namu ba su kama maganaɗisu ba, har wasunmu suka fara murna. Amma mun ga layi a bakinsu, kuma a wani wuri ruwan ɗorawar ya ɓare, ƙarfe mai ruwan toka ya leƙo. Da muka ɗora ɗaya a kan ɗaya sai suka hau juna daidai. Akwai wata 'yar tsaga kusa da harafin G, tana nan a duka biyun, wuri ɗaya, tsawo ɗaya.

Yadda ta ƙare

Ranar Alhamis bayan an tashi, Malam ya raka mu shagon ɗinkin, mu uku. Da farko yayan abokinmu dariya ya yi, ya ce: "Yanzu ku yara ne za ku koya mini kasuwa?" Ƙanensa ya miƙa masa gilashin ya ce: "Yaya, don Allah karanta nan da kanka." Ya karanta harafi-harafi har ya kai ƙarshen TRAIANO, sannan ya yi shiru. Malam ya ce masa: "Kada ka tsaya a maganarmu. Ka kai wa masu sayar da gwal su gwada." Da yamma ya kai, mai gwal ya goga ɗaya a dutsensa ya ce babu zinariya a ciki ko ƙwayar gero.

Ranar Juma'a mutumin ya zo. Yayan ya ce masa su fara zuwa wurin mai gwal tare kafin ya biya. Mutumin ya ce bari ya karɓo wani saƙo ya dawo. Har yau bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Dubu goma ta tafi, amma dubu sittin tana nan. Yayan ya ba kulob ɗinmu kwabo ɗaya, shi ne wanda muka manna a ƙasan wannan takarda cikin leda.

Ko da na gaske ne fa?

Mun yi wa Malam wannan tambayar. Ya ce tsufa kaɗai ba ya sa abu tsada, ƙaranci ne ke sawa. Rumawa sun buga kuɗi miliyoyi. A 2010 wani mutum a kusa da garin Furom na Ingila ya gano tukunya ɗaya a gona mai ɗauke da kwabbai 52,503. Irin waɗannan ƙananan na tagulla ana sayar da su da araha a shagunan Turai. Masu tsadar gaske 'yan kaɗan ne. Akwai wani na zinariya da Burutus ya buga don tuna kisan Yuliyas Kaisar, mai hoton wuƙaƙe biyu da rubutun EID MAR. An sayar da shi a Landan a 2020 a kan fam miliyan uku da wani abu. Amma a 2023 aka mayar da shi ƙasar Girka, domin an gano ba ta halal aka fitar da shi ba.

Maganar Sahara ma akwai ɗan gaskiya a cikinta, shi ya sa ƙaryar ta shiga kunne. An sami kayan Rumawa a Jarma da ke kudancin Libiya. A Abalesa ta kudancin Aljeriya kuma, a kabarin Tin Hinan da aka tona a 1925, an sami ɗan fallen zinariya mai ɗauke da sawun kuɗin Kustantin. Amma irin waɗannan kaya na gidan tarihi ne. Ƙasashe irin su Masar da Libiya sun hana fitar da su, mu ma a Najeriya doka ta hana fitar da kayan tarihi ba da iznin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba. Mutumin Furom da ya ga tukunyar bai zazzage ta ba, ya bar ta a wurin ya kira masana, shi ya sa aka koyi abubuwa da yawa daga gare ta.

In kana son fara tarawa

Ba sai ka nemi na Rum ba. Ka tambayi kaka ko tana da tsohon kwabo ko anini mai huda a tsakiya. Wata 'yar kulob ta kawo na kakarta, muka karanta GEORGIVS VI REX ET IND IMP. Latin ne, V tana matsayin U, ga kuma IMP ɗin nan da muka gani a kuɗin Tarajan. Wasu ma suna da 'yar alamar maƙera, H ko KN. Kafin a fara naira da kwabo a 1973, ana rubuta sisi 6d, taro kuma 3d. Wannan d ɗin daga dinariyus ta fito. Daga shi ne kuma Larabawa suka sami kalmar dinari, wanda har yau shi ne sunan kuɗin Aljeriya da Libiya da Tunisiya da Kuwait, kuma masana harshe sun ce kalmarmu ta zinariya daga dinari take.

Ga ƙa'idojin mai tarawa:

- Ka riƙe kwabo ta bakinsa, kada ka shafa fuskarsa da yatsa.
- Kada ka goge shi da toka ko yashi ko lemun tsami. Launin kore ko baƙi da tsohuwar tagulla ke yi kariya ce gare ta, in ka kankare ka ɓata ta.
- Ka ajiye kowanne a 'yar ambulan ta takarda, a wuri busasshe.
- Ka buɗe littafi ka rubuta ƙarfe, faɗi, nauyi, rubutun fuska, hoton baya, da inda ka samo shi.
- Kada ka biya kuɗi a kan abin da ba ka iya karantawa ba, kuma ka ji tsoron mai sayarwa da ke gaggauta ka.

Gwada kanka

1. Dinariyus ɗaya as nawa ne? Awuriyus ɗaya kuma sestartiyus nawa ne?
2. Ka ga ƙaramin kwabo mai kama da azurfa, sarkin yana da gemu da kambu mai tsinaye. Mene ne sunan kuɗin?
3. An rubuta SMANT a ƙasan bayan kwabo. A wane gari aka buga shi?
4. Wani kuɗin Tarajan yana da COS VI. Ba za a buga shi kafin wace shekara ba?
5. Ka duba kwabon da ke cikin ledar nan, ka faɗi alamu biyu da ke nuna jabu ne. A duba da ido kawai, kada a ɓalle ledar.

A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin kulob kafin ranar Laraba. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka biyar a fitowa ta gaba. Muna godiya ga Malamin Tarihi da ya ba mu lokacinsa na hutu, da Malamar Kimiyya da ta ara mana ma'auni, da kuma yayan abokinmu da ya yarda mu ba da labarinsa don wasu su amfana. Allah Ya ba shi keken ɗinkinsa cikin sauƙi, amin.

Daga 'yan Kulob ɗin 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.